Dalilan Da Ke Hana Manhaja Tashi Daga Foldar Haɗaka Da Yadda Ake Gano Su

A ofisoshi da makarantu da asibitoci da dama, an saba ajiye manhajar aiki a wuri guda, wato cikin wata folda da ke kan babbar kwamfuta, sauran kwamfutoci kuma su riƙa kunna ta daga can ta hanyar sadarwar cikin gida, domin idan lokacin sabunta ta ya yi a sabunta kwafi ɗaya kawai maimakon a bi teburi-teburi. Irin wannan folda ita ake kira foldar haɗaka, kwamfutar da ke riƙe da ita kuma ana ce mata sabar. Tsarin yana da sauƙi kuma yana rage wahala, sai dai yana tattare da wata matsala da kusan duk mai kula da kwamfutocin ofis ya san ta: ma'aikaci yana ganin fayil ɗin manhajar a gabansa, yana ma iya buɗe takardun da ke kusa da shi, amma da zarar ya danna shi sai allo ya sanar da shi cewa ba shi da izini. A Windows saƙon yakan zo da kalmomin "Access is denied", ko lambar kuskure 5, ko kuma 0x80070005, a Linux kuwa "Permission denied" ake gani. Saƙon kusan iri ɗaya ne a kowane lokaci, amma wuraren da za a iya tare mutum suna da yawa, kuma kowannensu da irin maganinsa, saboda haka babban aikin mai gyara shi ne ya gano takamaiman wurin da aka yi tarewar kafin ya taɓa kowane saiti.

Yadda kwamfutoci ke raba fayil

Ƙa'idar da Windows ke bi wajen raba fayil tsakanin kwamfutoci ana kiranta SMB, kuma ƙa'ida a wannan fage tana nufin tsararriyar hanyar da na'urori biyu ke bi su fahimci juna. Barry Feigenbaum ne ya fara tsara ta a kamfanin IBM a 1983, daga baya Microsoft ya ɗauke ta ya faɗaɗa, har aka sami zubi na biyu tare da Windows Vista a 2006, da zubi na uku tare da Windows 8 a 2012. A ɓangaren Unix, kamfanin Sun Microsystems ya fito da tasa ƙa'idar mai suna NFS a 1984, sannan a 1992 Andrew Tridgell na ƙasar Ostireliya ya saki manhajar da ta zama Samba, wadda ke ba kwamfutar Linux damar raba folda ga kwamfutocin Windows. Amfanin sanin wannan tarihi shi ne cewa da yawa daga ƙananan akwatunan ajiyar bayanai da ake sayarwa, waɗanda ake kira NAS, Linux da Samba ne ke tafiyar da su, don haka ofis na iya zaton Windows kaɗai gare shi alhali dokokin izini na tsari biyu mabambanta ne ke aiki a kan fayil guda.

Kunna manhaja ya bambanta da buɗe takarda ta wata fuska mai muhimmanci. Manhajar da aka danna daga foldar haɗaka a kan kwamfutar ma'aikaci take gudana, domin kwamfutar ce ke jawo fayil ɗin zuwa ƙwaƙwalwarta, kuma a wajen jawowar tana neman izini na musamman da ake kira izinin gudanarwa, wanda yake daban da izinin karantawa. Bayan haka manhajar kan nemi wasu ƙananan fayilolin taimako masu ƙarshen suna DLL, ta karanta fayil ɗin saitinta, wani lokaci ma ta nemi rubuta wani abu a cikin foldar, kuma kowace ɗaya daga waɗannan buƙatu ana tantance ta ne ita kaɗai. Shi ya sa manhaja kan iya tashi lafiya sannan ta tsaya a tsakiyar aiki da saƙon rashin izini, lamarin da ke nuna cewa matsalar tana ga wani fayil daban da wanda aka danna.

Izini hawa biyu

A Windows, duk wanda ya zo ta hanyar sadarwa sai ya wuce shinge biyu. Na farko shi ne izinin rabawa, wanda ake sa wa foldar a lokacin da aka buɗe ta ga jama'a, kuma matakai uku gare shi: karantawa, canzawa, da cikakken iko. Na biyu shi ne izinin NTFS, wato tsarin ajiye fayil da Microsoft ya shigo da shi tare da Windows NT 3.1 a 1993, wanda ke liƙe da kowane fayil da kowace folda a kan faifan sabar. Ana iya kwatanta lamarin da baƙon da aka yi wa iso ya wuce zaure, wanda hakan bai ba shi ikon shiga kowane ɗaki na cikin gida ba. Dokar ita ce, idan shingayen biyu suka saɓa, wanda ya fi tsauri shi ke aiki, ta yadda mutumin da aka ba cikakken iko a NTFS amma aka ba shi karantawa kaɗai a izinin rabawa ba zai iya rubuta komai ba muddin ta hanyar sadarwa ya shigo.

A cikin jerin izinin NTFS akwai matakai biyu masu kama da juna waɗanda ke yawan ruɗa mutane, wato "Read" da "Read & execute". Na farkon yana ba da damar buɗe fayil a ga abin da ke ciki, na biyun kuma shi ne ya ƙara da damar gudanar da shi, saboda haka ma'aikacin da aka ba na farko zai iya ganin manhajar amma ba za ta tashi ba. Haka kuma mutum yana tara izini daga dukkan rukunonin da sunansa ke ciki, sai dai idan aka rubuta hani ƙarara a kan ɗaya daga rukunonin, to a mafi yawan lokuta hanin ne ke rinjaye. Akwai kuma batun gado, wato yadda fayil ke ɗaukar izinin foldar da ya tsinci kansa a ciki. Fayil ɗin da aka kwafa zuwa sabuwar folda yana gadar izininta, amma wanda aka matsar daga wata folda zuwa wata a kan faifai guda yakan tafi da tsohon izininsa. Wannan ne ke faruwa sa'ad da mai kula da sabar ya sauke sabuwar manhaja a kan teburin kwamfutarsa sannan ya ja ta zuwa foldar haɗaka: shi tana yi masa aiki, sauran ma'aikata kuwa ta ƙi su, alhali duk tsofaffin fayilolin da ke foldar suna buɗuwa lafiya.

Wasu manhajoji kuma izinin gudanarwa kaɗai ba ya isarsu. Misali na kusa shi ne rumbun bayanai na Microsoft Access, wanda duk lokacin da aka buɗe shi yake ƙirƙirar ɗan ƙaramin fayil mai ƙarshen suna laccdb a cikin foldar da yake, domin ya riƙa lura da waɗanda ke aiki a cikinsa a lokaci guda. Idan ma'aikaci ba shi da izinin ƙirƙirar fayil a foldar, wannan ɗan fayil ba zai samu ba, sai rumbun ya buɗe masa don karantawa kawai ko ya hana wasu shiga. Mafita mai kyau a irin wannan hali ita ce a raba foldar manhaja da foldar bayanai, a bar ta farko da izinin karantawa da gudanarwa, a ba da izinin canzawa a ta biyu kaɗai.

Da sunan wa ake neman izinin

Tambaya ta biyu da ya kamata mai gyara ya yi ita ce da sunan wane asusu buƙatar ta isa sabar, domin sau da yawa ba sunan da ake zato ba ne. Tun daga Windows Vista akwai wani tsarin tsaro da ake kira UAC, wanda ke ba mai asusun shugabanci shaida biyu: ɗaya ta aikin yau da kullum, ɗaya kuma ta babban iko wadda ba ta aiki sai an nemi tabbaci. Harafin faifai da ake liƙa wa foldar haɗaka don sauƙin shiga, kamar Z:, yana ɗaure ne da shaidar da aka liƙa shi da ita, saboda haka idan mutum ya zaɓi "Run as administrator" domin ya shawo kan matsalar, manhajar na iya daina ganin faifan Z: baki ɗaya. Maganin wannan shi ne a yi amfani da cikakken adireshin foldar, wanda ake kira UNC, mai farawa da sanduna biyu masu karkata sannan sunan sabar da na foldar, kamar \\sabar\manhaja. Haka lamarin yake ga ayyukan da aka tsara su tashi da kansu a wani lokaci, da manhajojin da ke gudana a bayan fage, waɗanda ba sa ganin haruffan da ma'aikaci ya liƙa, kuma idan da asusun Local System suke aiki, to a sadarwar da ke ƙarƙashin sabar mai kula da asusun kowa da sunan kwamfutar kanta suke isa, don haka ita kwamfutar ce ya kamata a ba izini.

Akwai wasu ƙananan dalilai a wannan babi da ke cin lokacin masu gyara. Idan aka ƙara sunan ma'aikaci a cikin wani rukuni, sabon izinin ba ya kama aiki sai ya fita daga asusunsa ya sake shiga, saboda ana tattara jerin rukunoninsa ne a lokacin shiga. Idan aka canza kalmar sirri amma tsohuwar tana nan a ma'ajiyar kalmomin sirri ta Windows, kwamfutar za ta ci gaba da miƙa tsohuwar ana ƙin karɓa. Windows kuma ba ta yarda mutum ɗaya ya haɗu da sabar guda da sunaye biyu a lokaci ɗaya, abin da ke haifar da kuskure mai lamba 1219, wanda ake warwarewa ta hanyar yanke tsohuwar haɗuwar da umarnin net use. Sai kuma agogo: tsarin tantance mutum na Kerberos, wanda aka ƙirƙira a jami'ar MIT ta Amurka kuma manyan sadarwar Windows ke amfani da shi, a saitinsa na asali ba ya karɓar bambancin lokaci da ya wuce minti 5 tsakanin kwamfutoci. Wannan ya shafi ofisoshin da ke aiki da kwamfutoci na hannu a wuraren da wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, domin idan ɗan batirin da ke riƙe agogon na'ura ya mutu, kwanan wata kan koma baya duk lokacin da wuta ta yanke.

Alamar asali da dokokin ofis

Ko da izini ya cika kuma an gane mai nema, kwamfutar ma'aikaci ita kanta tana iya ƙin gudanar da fayil saboda inda ya fito. Tun daga babban gyara na biyu da aka yi wa Windows XP a 2004, duk fayil ɗin da aka sauke daga intanet akan liƙa masa wata ɓoyayyiyar alama mai suna Zone.Identifier, wadda ke nuna yankin da ya fito, kuma lamba 3 a cikinta tana nufin intanet. Alamar tana bin fayil ɗin har cikin foldar haɗaka, kuma idan dunƙulallen fayil ne na ZIP, abin da aka kwance daga cikinsa da Windows shi ma yakan gaji alamar, shi ya sa ya fi kyau a cire ta kafin a kwance shi, bayan an tabbatar da amincin wanda ya samar da manhajar. Ana cire ta ne a shafin bayanan fayil ta wurin zaɓin "Unblock", ko da umarnin Unblock-File a PowerShell.

Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne cewa Windows kan ɗauki adireshin da aka rubuta da lambobi, kamar \\192.168.1.10\manhaja, a matsayin yankin intanet, ko da sabar ɗin tana ɗakin da ke maƙwabtaka. Sakamakon haka shi ne gargaɗi a duk lokacin da aka danna manhaja, da ƙin gudanar da wasu rubutattun umarni na PowerShell, da kuma toshe ƙananan umarnin da ke cikin takardun Office, waɗanda Microsoft ya fara toshewa kai tsaye a 2022 ga fayilolin da ake ɗauka daga intanet suka fito. Ana gyara wannan ta hanyar kiran sabar da sunanta, ko sanya adireshinta a jerin wuraren da aka amince cewa na cikin gida ne. Bayan haka akwai dokokin da ofis da kansa ke kafawa da kayan aiki irin su AppLocker, wanda ya zo tare da Windows 7, kuma dokokinsa na asali suna barin ma'aikaci ya gudanar da manhaja ne daga foldar Windows da foldar Program Files kawai. Inda aka kafa irin wannan doka, ƙara izini a kan sabar ba zai canza komai ba, domin hanin daga kwamfutar ma'aikaci yake, kuma hukumar ofis ce ke da ikon ƙara foldar a jerin waɗanda aka yarda da su.

Sababbin zubin Windows sun ƙara tsananta wasu sharuɗɗa da ke shafar tsofaffin na'urori. Tun daga zubin 1709 na Windows 10 aka fara janye SMB na farko daga abin da ke zuwa a kunne, sannan zubin 24H2 na Windows 11 ya wajabta sa hannun tabbatarwa a kan saƙonnin SMB a nau'o'insa na aiki, ya kuma hana shiga folda a matsayin baƙo marar kalmar sirri a nau'in Pro. Don haka idan folda ta daina buɗuwa washegarin sabunta Windows, ya kamata a duba ko tsohuwar na'urar ajiyar ce ta gaza cika sababbin sharuɗɗan.

Abin da ya keɓanta da Linux da Samba

A Linux kowane fayil yana da izini uku, karantawa da rubutawa da gudanarwa, waɗanda ake rabawa tsakanin mai fayil da rukuninsa da sauran jama'a, kuma ana ƙara izinin gudanarwa da umarnin chmod +x. Sai dai wannan umarni ba zai yi tasiri ba idan an ɗaura foldar da sharaɗin noexec, wato sharaɗin da ke hana gudanar da kowace manhaja daga wannan wuri, kuma abin lura shi ne cewa sanya kalmar user a fayil ɗin fstab, domin a bar kowane ma'aikaci ya ɗaura foldar da kansa, yana jawo noexec tare da shi sai fa idan an rubuta exec a bayansa. A tsarin NFS na gargajiya da lamba ake gane mutum, don haka idan lambar asusunsa a kwamfutarsa ta saɓa da wadda ke kan sabar, za a ɗauke shi wani mutum daban. Haka kuma saitin root_squash, wanda ke kunne tun asali, yana mai da shugaban kwamfutar da ta zo daga waje mutum marar kowane iko, shi ya sa umarnin sudo ba ya buɗe abin da sabar ta rufe.

Game da Samba, akwai wani sauyi da ya ruɗa ofisoshi da yawa. Har zuwa zubi na 3.6, Samba ba ta duba izinin gudanarwa idan kwamfutar Windows ta nemi kunna manhaja, amma daga zubi na 4.0, wanda ya fito a Disamban 2012, ta fara dubawa, sai manhajojin da suka daɗe suna aiki suka tsaya bayan sabuntawa. Ana gyara wannan ta hanyar ba fayilolin manhajar izinin gudanarwa a ɓangaren Linux, ko kuma, idan ya zama dole, a kunna saitin acl allow execute always ga foldar da abin ya shafa kaɗai.

Tsarin bincike

Mai gyara da ya san aikinsa yana farawa ne da gwaje-gwaje masu raba matsala gida biyu. Idan aka kwafo manhajar zuwa faifan kwamfutar ma'aikaci ta tashi, to matsalar tana ga sabar ko ga yankin tsaro ko ga dokar da ta taƙaita wuraren gudanarwa, idan kuma ta ƙi tashi a nan ma, to a duba alamar asali da manhajar riga-kafi. Idan wani ma'aikaci ya shiga kwamfutar da asusunsa abin ya yi aiki, matsalar ta asusu ce, idan kuwa ma'aikacin farko ya koma wata kwamfuta ya sami nasara, matsalar ta na'ura ce. Daga nan sai a duba shafin "Effective Access" a kan sabar, wanda ke lissafa ainihin izinin da mutum ya ƙare da shi bayan an haɗa dukkan rukunoninsa, ko a yi amfani da umarnin icacls a ga jerin izinin fayil a rubuce. Idan har yanzu ba a gano ba, manhajar Process Monitor, ɗaya daga kayan Sysinternals na Mark Russinovich da Bryce Cogswell waɗanda Microsoft ya saya a 2006, tana nuna kowace buƙata da manhaja ta aika da amsar da ta samu, kuma idan aka tace sakamakon aka bar layukan da aka hana kaɗai, sunan fayil ɗin da ya jawo matsalar zai fito fili. A Linux umarnin strace ne ke yin makamancin wannan aiki. Ƙa'idar da ke riƙe duk wannan ita ce a canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, a gwada, a rubuta abin da aka yi, a kuma mayar da duk canjin da bai yi amfani ba.

Gyaran da ke jawo ɓarna

Idan aiki ya tsaya kuma shugaban ofis yana jira, hanyar da ta fi jan hankali ita ce a buɗe komai: a ba rukunin Everyone cikakken iko, ko a rubuta chmod 777, ko a kashe UAC da manhajar riga-kafi, ko a dawo da SMB na farko. Sau da yawa manhajar takan tashi bayan haka, amma gyaran gangar Auzinawa ne, domin foldar da kowa ke kunna manhaja daga cikinta kuma kowa ke iya rubutu a ciki ta zama hanya mafi sauƙi da cutar kwamfuta za ta bi ta game ofis, tunda kwamfuta ɗaya da ta kamu za ta iya musanya fayil ɗin manhajar, washegari kowa ya kunna gurɓataccen da hannunsa. Manhajojin garkuwa da bayanai, waɗanda ke kulle fayiloli su nemi kuɗin fansa, su ma suna kulle duk abin da asusun da suka kama ke da ikon canzawa, har da foldodin haɗaka. A ranar 12 ga Mayun 2017, cutar WannaCry ta bi ta wani rauni da ke cikin SMB na farko ta bazu a ƙasashe fiye da 150, ta kuma dagula aikin asibitocin gwamnati a Ingila, duk da cewa Microsoft ya riga ya fitar da gyaran raunin tun watan Maris na shekarar.

Tun a 1975 masana biyu, Jerome Saltzer da Michael Schroeder, suka bayyana ƙa'idar da ake kira mafi ƙarancin iko, wadda ke cewa kowane mutum da kowace manhaja a ba su iya ikon da aikinsu ke buƙata kawai. A foldar manhaja wannan yana nufin ma'aikata su sami karantawa da gudanarwa, masu sabunta manhajar kaɗai su sami canzawa, a riƙa ba da izini ga rukuni maimakon mutum ɗaiɗai, a kuma ajiye rubutaccen bayani na wanda aka ba me da dalilin ba shi. Ya kamata shugabannin ofisoshi su ba masu kula da kwamfutocinsu lokacin da za su bi matsala har tushenta, su kuma riƙa tambayar wane izini aka canza a duk lokacin da aka ce an gyara, domin ofishin da ya buɗe foldarsa ga kowa don ya tsira da aikin yini ɗaya yana iya rasa bayanan shekaru garin neman gira.